Daga Tasha Zuwa Tsakar Gida: Waƙoƙin Farko na Ɗan Maraya Jos

 

Kamar yadda muka saba, a fitowar biki mukan ware wuri don tarihi. A bana mun ɗauko na marigayi Alhaji Adamu Ɗan Maraya Jos. Mun san wata za ta ce, to, ina ruwan ƙungiyar mata masu adashe da rance da mai kuntigi? Ku dai yi haƙuri ku bi mu. Ɗan Marayan da kowa ya sani shi ne dattijon nan mai babbar riga, wanda Jami'ar Jos ta ba digirin girmamawa har ake ce masa Dakta, wanda gwamnatin tarayya ta ba lambar yabo, wanda ya kai ɗan gwangwaninsa ƙasashen waje. Namu na yau kuwa saurayi ne da ke laluben bakin zare. Yana yabon yaran mota a tasha, yana waƙar soja a lokacin yaƙi, bai riga ya gano irin waƙar da za ta sa mace ta jingine tsintsiya ta matso kusa da rediyo ba. Waɗannan waƙoƙin farko muke so mu duba, domin a cikinsu ake ganin yadda gwani ke ginuwa, kuma maganar ta taɓa wata muhawara da ke gabanmu yanzu a ƙungiya.

Bukuru, garin kuza

An haifi Adamu Wayya a Bukuru, kusa da Jos, a 1946. Bukuru a wancan zamani garin kuza ne. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka buɗe ramukan haƙar kuza a Filato, mutane suka yi ta kwarara daga ƙasashen Kano, Katsina, Sakkwato, Zazzau, Bauchi da Borno. Wasu leburori, wasu 'yan tireda, wasu mahauta da wanzamai, ga mata masu tuwo da ƙosai. Duk inda aka tara masu albashi nesa da gida, makaɗi ba ya rasa wurin zama.

Mahaifin Adamu makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Ya rasu yaron yana jinjiri, ba a daɗe ba mahaifiyar ma ta bi shi. Sarkin ne ya ɗauki yaron ya riƙe, daga nan sunan Ɗan Maraya ya bi shi har ya danne na yanka.

A lura da wani abu a nan. A ƙasar Hausa kiɗa gādo ne, kuma gādon da koyo yake tafiya. Yaro yakan fara da ɗaukar wa ubansa ganga, sai a sa shi cikin 'yan amshi, ya yi shekaru yana maimaita abin da babba ya faɗa kafin a bar shi ya ja waƙa. Musa Ɗanƙwairo, da duk girmansa, ta wannan hanya ya biyo a ƙungiyar gidansu. Adamu ya gaji sunan gidan kiɗa, amma mai koya masa ya tafi tun bai san shi ba. Babu ƙungiyar da za ta riƙe shi, babu tsofaffin waƙoƙin uba da zai ɗora a kai. Dole sai dai ya nemo tasa hanyar.

Gwangwani da tsirkiya ɗaya

A Maiduguri ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya komo gida ya haɗa nasa. Wanda bai taɓa ganin kuntigi ba zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Gwangwanin kifi ne mai ɗan tsawo, a rufe shi da fatar akuya, a soka sanda, a ɗaura tsirkiya guda ɗaya. Shi ke nan. Idan da za a lissafa jarinsa, bai kai na mai tallar gyaɗa ba.

Wannan ƙanƙanta tana da riba, tana kuma da wahala. Ribar ita ce mai kuntigi ba shi da bakin da zai ciyar sai nasa. Makaɗin fada yana yawo da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, kowa da rabonsa, shi ya sa dole ya laɓe a jikin sarki ko attajiri. Mamman Shata ma da yake mawaƙin jama'a, da tawagar kalangu yake tafiya. Mai kuntigi kuwa zai iya tsayawa a bakin tasha, a ba shi sisi ko sule, ya ci abincin ranar. Wannan ya ba Adamu damar yi wa wanda ba shi da komai waƙa.

Wahalar kuma ita ce babu wurin ɓuya. Wadda ta taɓa jan waƙa a gidan biki ta san amfanin amshi: lokacin da sauran mata ke amsawa, ke kina numfasawa, kina tunanin abin da za ki faɗa a gaba. Mai kuntigi ba shi da wannan hutu. Tsirkiya ɗaya ba ta rufe wa mawaƙi asiri idan maganarsa ta yi rauni. Sai ya mai da kiɗan kansa amshi, ya faɗi magana, ya bar kuntigi ya cike gurbin, ya sake ɗaukowa. Wanda ya saurari waƙoƙinsa na farko zai ji wannan dabara tun a lokacin, kuma ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Karen mota

Waƙar da ake lissafawa a matsayin ta farko, wadda kuma ta fito da shi, ita ce Waƙar Karen Mota. Yaran yanzu da suka san kwandasta kawai a garejin Television, bari mu gaya muku wane ne karen mota. A shekarun 1950 da 1960 manyan motoci ne ke ɗaukar mutane da kaya a Arewa. Jirgin ƙasa ma bai isa Maiduguri ba sai 1964, kafin nan hanyar Jos zuwa Bauchi zuwa Potiskum ta gingimari ce. Kowane direba yana da yaro. Shi ke lodi, shi ke ɗaure tamfol, shi ke dirowa da gudu ya sa waigi idan mota ta tsaya a kan tudu, shi ke shiga ƙarƙashi idan an yi faci, shi ke ɗebo ruwan lagireto, shi ke turi idan ta ƙi tashi, shi ke kwana a bodi yana gadin kaya direba na barci a ɗaki. Ladansa abinci, da fatan wata rana a ba shi sitiyari. Sunan da aka sa masa kaɗai ya isa ya nuna matsayinsa a idon jama'a.

Wannan mutumin Ɗan Maraya ya ɗauka ya yaba. Idan muka dubi ƙirar waƙar, ba sabuwa ba ce. Yabo ne irin wanda aka saba: a ɗauki gwani, a zayyana aikinsa, a kambama shi. Haka ake yi wa sarki, haka Ɗan Anace ke yi wa 'yan dambe, haka makaɗan noma ke yi wa manoma a gayya. Saurayin bai ƙago sabon masaki ba, na gidansu ya ɗauka. Sabon abin shi ne wanda aka zuba wa a ciki. Kirarin da aka tanada don masu rawani sai ga shi a kan yaro mai baƙin mai a riga.

A nan ne muke ganin gwanin da rashin gwanintar a tare. A waƙar yabo mawaƙi yana tsaye a waje ne, yana nuna mutum da yatsa yana cewa ku dubi wane. Ba ya shiga cikin zuciyarsa, ba ya ara masa baki ya yi magana. Ɗan Marayan Karen Mota bai kai ga wannan ba tukuna. Amma idonsa ya riga ya san inda zai duba, wato ƙasa, wurin waɗanda ake wucewa ba a gaishe su. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Yadda muryar ta iso Kakuri

Da a ce a tasha kawai ya yi ta waƙarsa, da iska ta kwashe ta. Sa'arsa ita ce tasowarsa ta zo daidai da tasowar rediyo a Arewa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta buɗe gidan rediyo da talbijin na Kaduna, wanda aka fi sani da RTK, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A 1978 ɓangaren rediyon ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Ta gajeren zango a kan mita 49 ana kama shi har Nijar da Ghana da Kamaru da Chadi. Gidan yana buƙatar kiɗan Hausa da zai cika sa'o'insa, don haka aka yi ta ɗaukar muryoyin makaɗa, na fada da na jama'a. Shirin zaɓi sonka kuma ya sa mai sauraro da kansa yake nuna waƙar da yake so a sa masa.

Su wa ke sauraro? A nan maganar ta iso ƙofar gidanmu. Wannan ɓangare na kudancin kogi shi ne unguwar ma'aikata. Tashar jirgi ta Kaduna Junction tana nan, inda layin Fatakwal da ya biyo ta Kafanchan ya haɗu da na Legas zuwa Kano tun 1927. Masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. An kafa masana'antar makamai ta DICON a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya buɗe a 1975. Kakuri, Makera, Nasarawa da Barnawa suka cika da baƙi daga ko'ina: Bajju, Atyap, Ham, Gbagyi, Tibi, Idoma, Igala, Nufawa, Yarabawa, Hausawa da Fulani. Gidan haya ɗaya, ƙabila biyar, rijiya ɗaya, rediyo ɗaya a bakin taga. Hausa ce harshen da ya haɗa su.

Iyayenmu da suka zauna a waɗannan gidaje sun ce ba kowace waƙa ce ke shiga kunnen kowa ba. Waƙar fada tana da zurfin Hausa, ga asalin sarakuna, ga zambo da habaicin da sai ɗan gari ke ganewa. Ɗan Maraya kuwa ɗan Jos ne, garin da shi ma na baƙi ne kamar namu. Hausarsa a miƙe take, murya ɗaya, babu tarin ganguna da za su danne kalma. Matar da ta zo daga Zonkwa ko Gboko jiya-jiya za ta iya bin maganarsa. Mai aikin dare a masaƙa da ya ji ana yabon karen mota, ai ya san da shi ake.

Na'urorin zamanin ma sun taimaka wajen gyara masa baki. Tsohon faifan garmaho ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti 3 a kowace fuska, ƙaramin faifan da ya gaje shi ma kaɗan ya ɗara. Makaɗin da ya saba kwana yana kiɗa a dandali sai an datse masa waƙa. Wanda ya iya faɗin maganarsa a taƙaice, shi faifai ya fi yi wa daɗi. Daga baya kaset ya zo, ya yaɗu sosai bayan kuɗin Udoji da aka biya ma'aikata a 1975, lokacin da kusan kowane mai albashi ya sayi rikoda. Kaset yana ɗaukar minti 30 ko 45 a fuska ɗaya, ana kuma kwafarsa a kasuwa. Daga nan waƙa ta daina jiran ma'aikacin rediyo, ta shiga ɗakin mace, a sa ta lokacin da aka ga dama.

Shekarun yaƙi

Yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yulin 1967, ya ƙare a Janairun 1970. Ɗan Maraya yana da kimanin shekara 20 lokacin da aka fara. Kamar yawancin makaɗan Arewa, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi da dama. Kaduna kuwa garin soja ne, nan ne mazaunin Runduna ta Ɗaya, kuma gidaje da yawa a unguwanninmu suna da ɗa ko miji a bakin daga. Mata suna kasa kunne ga rediyo, ko za su ji labarin inda nasu yake.

Ba za mu ɓoye ba, waɗannan waƙoƙi na ɓangare ɗaya ne. Muna da maƙwabta da abokan kasuwa 'yan ƙabilar Ibo waɗanda iyayensu suka bar Kaduna a 1966 cikin tashin hankali, suka rasa dangi da dukiya, wasu suka dawo bayan yaƙi suka sake farawa daga tushe. A kunnensu waƙar zuga soja ba abin nishaɗi ba ce, kuma muna girmama wannan. Janar Gowon da kansa ya ce ba wanda ya ci, ba wanda aka ci. Mun ambaci waƙoƙin ne don abin da suka koya wa mai su.

A cikinsu ya fara ba da labari. Yabon soja kawai ba zai cika waƙa bayan waƙa ba, sai ya shiga zayyana abin da ke faruwa a fagen fama, daki-daki, har mai sauraro ya ji kamar yana gani. A Karen Mota ya koyi wanda zai duba. A waƙoƙin yaƙi ya koyi jera abin da ya faru, wannan ya biyo wancan. Saura abu ɗaya, ya bar mutanen cikin waƙar su yi magana da bakinsu.

Shiga tsakar gida

Da ƙura ta lafa, sai ya juya ga yaƙin da ba ya ƙarewa, wato zaman aure da zaman tare. A nan ne aka samu Ɗan Marayan da muka sani. Jawabin Aure ta jero abin da saki ke haifarwa, ta roƙi miji da mata su gyara tsakaninsu. Auren Dole ta soki iyayen da ke ɗaura wa 'ya aure ba da sonta ba. Gulma Wuya ta fito da matar nan da kowace unguwa ta san irinta, mai shiga gida-gida, wadda ke haɗa baki da boka tana zuga matan aure da alkawarin kuɗi da sutura har sai gida ya watse. Ga Mai Akwai da Babu, ga Ɗan Adam Mai Wuyar Gane Hali.

Abin da ya bambanta waɗannan da na farko shi ne muryoyi. Mutum ɗaya, amma sai ki ji uba yana faɗa, uwa tana lallashi, yarinya tana kuka, magulmaciya tana raɗa. Wasan kwaikwayo ne a bakin mutum guda. To, daga ina wannan ya fito? Mu a ganinmu daga rashin nan na farko. Wanda ba shi da 'yan amshi dole ya zama ɗan amshin kansa, wanda kuwa ya daɗe yana amsa wa kansa, wata rana zai gano yana iya canza murya ya zama mutum biyu, ya zama uku. Maraicin da ya hana shi ƙungiya shi ya ba shi salon da ba wanda ya kama ƙafarsa a ciki.

Masana sun lura da wannan. Habibu Ahmad Daba ya fitar da littafi sukutum a kansa a 2006, Graham Furniss na Jami'ar Landan ma ya tattauna waƙoƙinsa a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Amma tun kafin masana, matan Makera sun riga sun yanke hukunci. An sha ƙure muryar rikoda a tsakar gida don wata ta ji, ba tare da an kira sunan kowa ba.

A cikinmu akwai masu ganin nasiharsa ta fi nauyi a kan mata, haƙuri dai haƙuri dai. Akwai kuma masu cewa a zamanin da ba a tambayar yarinya ra'ayinta, namijin da ya fito a rediyo ya ce auren dole ba daidai ba ne ya yi abin a yaba. Duka maganganun biyu suna da ƙamshin gaskiya, mun bar wa kowa nata. Ya rasu a Jos ranar Asabar 20 ga Yunin 2015, a farkon azumi. Allah Ya gafarta masa.

Ta wajenmu mata

Kada a ce mun manta da namu. Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa irin wannan hanya ta biyo. Kiɗan ƙwarya na amada abin cikin gida ne, na biki da suna, mata zalla, ƙwarya a kife, wata a cikin ruwa. Hajiya Uwaliya Mai Amada ta riga ta fito da shi fili. Barmani ta fara da abin da ta tarar, waƙoƙin biki da na kishiya da aka saba, sannu a hankali ta samu nata bakin, har ta kai ga waƙar da ke kiran mata su tashi su kama sana'a, wadda da yawanmu muka ɗauka tamkar taken ƙungiya. Ta rasu a watan Maris na 2013. Ita da ƙwarya, shi da gwangwani. Kayan da ake wanke-wanke da su, da wanda ake jefarwa a bola, da su aka yi sunan da ya ƙetare Najeriya.

Abin da ya shafe mu

Yanzu ga dalilin da ya sa muka ɗauko wannan tarihi.

Na farko, maganar rance. Kowa ta san muhawarar da ake yi a tarukanmu kan sababbin shiga. Wasu suna cewa kada a ba mace rance sai sana'arta ta kafu, an ga kayanta a kasuwa, an san tana da masu saye. Hujjarsu mai ƙarfi ce, domin kuɗin nan gumin mambobi ne, kuma mun ga rancen da bai dawo ba. Wasu kuma suna cewa idan sai wadda ta kafu za a ba, to wa zai taimaki mai kafuwa? Tarihin nan bai raba mana gardama ba, amma ya ba mu ma'auni. Wanda ya ji Karen Mota a lokacinta ba zai iya cewa ga mai Gulma Wuya nan tafe ba. Abin da zai iya gani shi ne yaro mai naci, mai ido, wanda ya haɗa kayan aikinsa da hannunsa, yana fitowa kullum. Waɗannan ana iya ganinsu a jikin mai koyo tun sabulunta bai gama daskarewa da kyau ba, tun ɗinkinta yana karkacewa. Shawararmu ga kwamiti ita ce a duba yiwuwar ware ƙaramin kaso don masu farawa, rance kaɗan, wa'adi gajere, a haɗa kowace da uwar ɗaki a cikin tsofaffin mambobi, idan ta biya a ƙara mata. Sisi da sulen tasha ne suka riƙe Ɗan Maraya har ya kai inda ya kai. Da rarrafe yaro kan tashi.

Kada mu manta mu ma haka muka faro. Lokacin da masaƙu suka durƙushe, KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, jiniyar Kakuri ta yi shiru, mazaje suka zauna a gida suna jiran haƙƙoƙinsu, mata ne suka fito da kasko da tire da keken ɗinki. Kunun farko da yawanmu suka kai bakin titi ba shi ne kunun da ake layi a kansa yau ba. Da an jira sai mun ƙware, da yara da yawa ba su gama makaranta ba.

Na biyu, maganar adana. Kayan farko su ne suka fi saurin ɓacewa, domin lokacin da ake yin su ba wanda ya san za su yi daraja. Faifan garmaho yana fashewa. Zaren kaset yana laushi da zafi, yana yin fumfuna da damina, rikoda ta tauna shi. Masu kwafa a kasuwa sukan haɗa tsohuwar waƙa da sabuwa a kaset ɗaya, babu shekara, babu bayani. Yanzu da aka koma waya da memori, waƙoƙin da suka fi shahara ne ke yawo, na farkon suna can ƙasan akwati. Ga kuma ƙaura. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 iyalai da dama sun ƙetare kogi, wasu suka yi arewa, wasu suka yo kudu, kowa da abin da hannunsa ya iya ɗauka. Wa zai tsaya ɗaukar kwalin kaset a irin wannan rana? Jos ɗin Ɗan Maraya ma ta ga irin nata. Abin da ya tsira a hannunmu, ke nan, ba ƙaramin abu ba ne, shaida ce ta lokacin da gidan haya ɗaya ke sauraron rediyo ɗaya.

Don haka muna roƙon kowace mamba ta duba adakarta da ta uwarta da ta surukarta. Idan an samu tsohon kaset ko faifai, na Ɗan Maraya ne, na Barmani ne, na Uwaliya ne, na Shata ne, ko na kiɗan garinku da harshenku, ko ma wanda aka ɗauka a bikin gidanku, kada a ba yara su yi wasa da zaren. A goge ƙurar, a sa a leda, a ajiye inda babu zafi da laima. A rubuta a takarda wanda ya saya, da inda ya saya, da shekarar idan an tuna. 'Ya'yanmu masu ilimin kwamfuta, ga aikinku: ku taimaka a juye su, a mayar wa masu su kayansu. Ku kuma zauna da kakanninku ku tambaye su inda suke lokacin da suka fara jin waɗannan waƙoƙi, ku ɗauka a waya. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, labari ma haka.

Wannan roƙo ya haɗa da takardunmu na ƙungiya. Littafin adashen farko mai yagaggen bango, da sunayen da aka rubuta da biro ja, da dangwalen waɗanda ba su iya sa hannu ba, da rasiɗan da suka koɗe, duk wadda ke riƙe da wani abu daga ciki ta kawo wa sakatariya a taro mai zuwa. Shi ne namu Karen Motar. Akwai kurakuran lissafi a ciki, akwai shafin da ruwa ya taɓa, amma jikokinmu za su so su ga hannun da ya fara zuba kuɗin.